Yadda Na Auna Ɗana Ta Saman Danga

Ni Mai Nasara mai faci, na bakin titin Kara-Kara, ban yi nisa a lakwal ba. Ina aji uku a makarantar, mushe malaminmu ya kira babana ya ce masa kan yaron nan ya cika, babu sauran wurin zuba komai. Babana ya ɗauka zagi ne. Ni har gobe yabo na ɗauke shi. Shi ya sa duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera, in na kalle shi sau ɗaya sai na ga inda mai shi ya yi kuskure.

Sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna Allah ya ba ni ɗan fari. Tun cikin ya tsufa aka zo aka tafi da matata Aliya garinsu Gaffati, gidan mahaifiyarta Inna Talatu. Can ta haihu, can take wankan jego. Ni aka bar ni da ɗaki da tukunyar da ban san ta inda ake kama ta ba, kullum shinkafa da wake a bakin tasha.

Ana dab da gama arba'in sai ga Yakuba da saƙo. Yakuba taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Teburin shayinsa manne yake da rumfata, matarsa kuma 'yar Gaffati ce, don haka shi ne wayar da ke tsakanina da surukata. Ni da Inna ba ma haɗa ido, balle magana.

Ya ce, "Inna na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, jaririn ina zai riƙa kwanciya?"

"Kusa da ubansa mana."

"Wurin nan ne ba ta so. An ba ta labarin barcinka."

"Barcina me ya yi?"

"An ce kana kwanciya kai gabas, ka tashi kai yamma. An ce ka taɓa harbin fanka da ƙafa har ta daina juyawa."

"Fankar ce ta matso."

"To ta ce jikanta ba fanka ba ne. Ranar da aka gama wanka da kanta za ta rako su. In ta ga gadon jariri nasa na kansa, wanda hankalinta ya kwanta da shi, ta bar maka iyalinka. In ba ta gani ba, motar da ta kawo su ita za ta mayar da su, sai an yaye shi."

Na tuna shinkafa da waken tasha, na tuna nisan yaye, sai na ji cikina ya yi ƙugi. Amma na daure na daki ƙirji a gaban masu shan shayi, na ce, "Gaya mata za ta ga gadon da ko a Yamai ba a taɓa kwantar da ɗan minista a kansa ba."

Washegari na shiga kasuwar Dole. Wani Alhaji Bakano mai kayan ɗaki ya fito mini da ɗan gadon katako, sandunansa a matse kamar haƙoran mataji, da 'yar katifa mai tauri.

"Wannan shi ne daidai, Malam. Sa yatsunka tsakanin sandunan ka gani, uku kawai ke shiga."

"Alhaji, jariri na ce maka, ban ce tattabara ba."

"Ai na jaririn ne. Sabuwar haihuwa ko?"

"Sabuwa, amma ba irin taku ta Kano ba da ake haifo yaro kamar ɗan tsako. Nawa in aka sa shi nan, ƙafafunsa a waje za su kwana."

"Masha Allah. Ka ɗauki jaririn ka ji nauyinsa ke nan."

Na ce masa ina da uzuri, na yi gaba.

Ai ban ɗauke shi ba. A gidanmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya ma tsura masa ido, balle a gidan surukai. Ranar suna a Gaffati ina zaune cikin maza aka fito da shi wurin wanzami, na dasa idona a kan takalmina har aka mayar da shi. Sai dai da na zagaya bayan gida kama ruwa, na yi ɗage na leƙa ta saman danga. Na hango Aliya zaune, a cinyarta ga wani ƙaton yaro, kai kamar ƙwarya, cinyoyi kamar rogon fadama, yana neman fizge mata ɗankwali. Na ce a raina lalle jini ba ya ƙarya, tun ranar suna ya fara kokawa.

Ɗan yayarta ne, ya kusa shekara. Nawa yana ɗaki yana barci. Duk Gaffati sun sani. Yakuba ma ya sani, don shi har ɗaukar nawa ya yi. Amma da na ba shi labarin cinyoyin, sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ai ba ka ga komai ba, taubashi. Yanzu ya ninka."

Don in ƙara tabbatarwa na kira Aliya a salula. Na ce, "Ya baƙonku?" Ta ce, "Lafiya lau, yana ta ci." Ban ƙara ba. In na tambayi tsawonsa Inna na iya ji, a ce mijin Aliya ba shi da ta-ido.

Daga nan na hau tudu wurin Idirisu mai walda, wanda rumfarsa ke can sama tsakanin duwatsu. Na share ƙasa da tafin hannu na zana masa abin da nake so. Ya duƙa ya daɗe yana kallo.

"Na jariri ne ko na ɗan raƙumi?"

"Kai dai ƙera. Tsawonsa daga nan zuwa nan, ka ƙara kamu biyu saboda girma. Sandunan ka buɗa su sosai iska ta shiga. Damagaram muke, ba Faransa ba. Kuma in ya miƙa cinya kar ta maƙale."

"Waɗannan masu lanƙwasa fa?"

"Resor ne, wato sifirin, na tsohuwar moto, a kowace ƙafa ɗaya. In ya motsa, gadon ya yi masa rarrashi da kansa, uwar ta huta. A ƙasansu ka sa tayoyin baro, in ana zafi a gangara da shi tsakar gida."

"Birki fa?"

"Jariri ina za shi da zai nemi birki?"

Idirisu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Dakor, na yarda. Abin da ka zana zan haɗa. Amma in an tambaya, kar ka ce ni na yi."

"Dama ba ni da niyyar raba ladan da kowa."

Kafin ya gama, babu wanda ya kawo mini faci ya tafi bai ji labarin gadon ba. Wani ma tayarsa lafiyarta ƙalau, labarin ya zo ji.

Ranar da aka gama, a can rumfar na shafe shi da jan fenti da hannuna. Idirisu ya ce in bari ya bushe, in nemo amalanke. Na ce abin da ke da taya huɗu ba ya hawa abin da ke da biyu. Na kama shi na tura. Da farko ni ke tura shi. Da muka kai gangare sai ya zama shi ke jana. Na ga zai kuɓuce, sai dabara ta zo mini: in na faɗa ciki, nauyina zai tsayar da shi. Na yi tsalle na faɗa. Ashe nauyin yake jira.

Resor ɗin nan kuwa ya yi aikinsa. Kowane dutse muka taka sai ya cilla ni sama ya cafe. Muka wuce gaban masallaci daidai ana fitowa daga la'asar, liman ya ɗaga hannu, ban sani ba ko addu'a ce ko gaisuwa. Muka ratsa gyaɗar da wata baiwar Allah ta shanya, muka kori awaki, sannan muka daki tsibin tsofaffin tayoyin da ke gaban rumfata. Gadon ya tsaya, ni na ci gaba da lilo a ciki.

Yakuba ya leƙo ta cikin sanduna, ya juya ya ce wa jama'a, "Ku yi barka, jaririn ya iso."

Wani ya ce, "Tubarkalla, har da gemu."

Na fito, rigata ta yi zane-zane ja tun daga wuya har ƙasa, kamar an gasa ni a kan waya. Na ce musu, "Gwaji ne. Gadon da ya kawo uban lafiya, ɗan ma zai riƙe shi." Mai gyaɗa ta iso da muciya a hannu, nan gwajin ya ɗan tsawaita. Aka shigar da gadon tsakar gidana, na dunƙule duwatsu a gindin tayoyin.

Saura shimfiɗa. Na jera katifa a kan katifa, na kewaye shi da matasan kai na audugar rimi, na ɗora bargo. In ka danna hannu sai ya nutse har gwiwa. Na fita neman aron jariri a kartiye, wurin matan unguwa, don in gwada. Ta farko ta ce nata na barci. Ta biyu ta ce yau ranar rigakafinsa ce. Na ce gobe fa? Ta ce gobe ma. Ta uku tun ina sallama ta goya nata ta fice ta ƙofar baya.

Sai na sayo kabewa.

Na kwantar da ita a tsakiya, ta nutse, matasan kai suka rufta a kanta. Madam Farida maƙwabciyata, mai aiki a matarnite, asibitin haihuwa, tana shanya a kan katanga tana kallona.

"Malam Mai Nasara, ina kabewar?"

"Tana hutawa."

"Da mai hanci ce, da yanzu ana haƙa mata rami. Jariri ba a sa masa matashi, ba a sa masa laushi. Katifa ɗaya mai tauri wadda ta cika gadon, a kwantar da shi rigingine, a ɗaura masa sange saboda sauro, shi ke nan."

"Dama gwada ki nake yi, Madam, in ga ko kin riƙe karatunki."

Na kwashe komai na bar katifa ɗaya. Na mayar da kabewa, na danna gefen gadon don in nuna mata rarrashin zamani. Resor ya amsa. Kabewa ta mirgina, ta bi tsakanin sanduna biyu ba ta ko shafi ɗaya ba, ta faɗo ta dare. Kajin unguwa suka zo ta'aziyya.

Madam ta ce, "Ka mayar a matse sandunan nan."

"Kabewa ba ta da kafaɗa, Madam. Ɗana kuwa kafaɗunsa sai an karkata shi yake shiga ƙofa."

Yakuba, da ya shigo karɓar kofinsa, ya ce, "Gaskiya ne, Madam, ba ki ga yaron ba. Ni na gan shi." Ya faɗa ko murmushi babu. Madam ta kwashe shanyarta ta ce Allah ya kyauta.

Ranar zuwa na tashi da wuri, na je wanzami ya aske mini kai ƙwal, na shafe shi da mai har yana ɗaukar ido, na sa shaddata ta salla. Na lulluɓe gadon da zannuwan Aliya, na gayyato maƙwabta don a yi abin a gaban shaidu. Da hantsi motar Gaffati ta tsaya. Na ji Inna na ce wa direba kar ya yi nisa. Aka shimfiɗa mata tabarma a can gefen gadon, ni na tsuguna a wannan gefen, idona a ƙasa. Na dai hangi ɗan ƙunshin tawul a hannun Aliya, na ce kayan sawarsa ne, shi yana bayan wata mai ƙarfi.

Na yaye zannuwa. Kowa ya zuba wa gadon ido.

Inna ta ce, "Yakuba, tambaye shi, kura ya kama?"

Tsakanina da ita bai fi taku uku ba, amma na ce, "Yakuba, gaya wa Inna gadon zamani ne."

"Ya ce na zamani ne, Inna."

"Na ji shi. Tambaye shi su nawa za su kwana ciki."

"Gaya wa Inna daidai mai shi aka yi shi."

"Ɗanƙarami ne zai cika wannan?"

Na ce a raina dabarar tsofaffi ke nan, a kira ƙato ƙarami don kar baki ya kama shi. Inna ta taso, ta zura hannunta tsakanin sanduna har kafaɗa, ta kaɗa shi a ciki kamar mai neman abu a randa.

"Tambaye shi nan fa. Kan yaro ba zai faɗa ba?"

"Gaya wa Inna garanti ne. Kan yaron nan irin nawa ne sak, ai na gani da..."

Na kama bakina, amma ta riga ta fita. Mata suka rufe baki da mayafi: ashe uban ɗan fari leƙe yake yi. Don in rufe wannan kunyar sai na matsa na durƙusa, na ce, "Yakuba, ce wa Inna ta duba. In nawa bai wuce ba, nasa ba zai wuce ba." Na kara ƙoƙon kaina a tsakanin sanduna biyu, na danna da ƙarfi don kowa ya shaida.

Sabon aski, ga mai, ga gumi. Sai ji na yi sulɓ.

Kunne in za shi gaba kwanciya yake yi. In za shi baya sai ya miƙe ya ce bai san zancen ba. Na ja, na murɗa, na karkata. Kaina na ciki, haɓata a kan katifa, sauran jikina na waje da shadda. Ga Inna a ɗaya gefen, fuskarta daidai tawa. Shekarun da na yi ina kauce wa idon matar nan, yau ga shi an kafe ni a gabansa kamar ɗan akuya a turke. Na rufe ido.

Yakuba ya ce, "Inna, ya ce ki duba."

Maza biyu suka kama ƙafafuna suka ja. Wani ya yi tuntuɓe da dutsen da ke gindin taya, gadon ya biyo mu. Suka ja, ya biyo. Muka zagaya tsakar gida, ni da gadon da masu ceto, resor na ta yi mini rarrashi a maƙogwaro. Aka kawo sabulu, aka kawo man gyaɗa, Madam Farida ta ce a daina ja kafin a cire mini kunne. Aka aika kiran Idirisu. Ya shigo da zarto don an ɗauke wuta, ya tsaya ya dube ni, ya ce wa jama'a, "Ni dai ban san wanda ya ƙera wannan ba."

Yana fara gurzar ƙarfe kusa da kunnena sai direba ya danna oda a waje. Na ji Inna ta ce, "Aliya, kar a sauke sauran kayan. Tashi mu tafi."

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Ban nemi Yakuba ba. Na ce, "Inna, don Allah."

Zarto ya tsaya. Ban taɓa yi mata magana kai tsaye ba tun ranar da aka ɗaura aure. Sai na ji takunta.

"Tunda kunyar ta riga ta fice ta kunne, buɗe idonka ka ga wanda ka yi wa keji."

Na buɗe. Ta warware tawul ɗin nan, ta sauke shi a kan katifa dab da hancina, hannunta na tallafe da shi. Ɗan mitsitsi, duk tsawonsa bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Kai kamar goruba. Cinyar da na ba Damagaram labari ba ta fi babban yatsana biyu ba.

Na ce, "Yakuba, ina sauran?"

"Sauran yana wurin yayarta, taubashi."

Dariyar da aka yi har direba ya shigo gani. Ni kuwa ban ji ta sosai ba, don ɗan abin nan ya buɗe ido ya dube ni, ya miƙo hannu ya damƙi gemuna ya riƙe. Babu inda zan kai idona, ban kuma nemi inda zan kai shi ba. Na ga goshin babana. Na ga kunnuwa biyu a tsaye kamar hannun tukunya.

Inna ta ce, "Kunnen dai naka ne. Allah ya sa abin da ke tsakaninsu ba naka ba ne."

Aliya ta matso ta ce a hankali, "Inna, in muka koma, wa zai ciro shi gobe in ya sake shiga wani abin?"

Inna ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta dubi jikanta da ya ƙi sakin gemu. Ta ce wa direba ya sauke kaya duka, har da ƙunshinta. "Zan zauna sai na ga gadon mutane da idona, na ga yaron ya saba da shi. Ni da su a ɗaki. Shi ya nemi zaure."

Idirisu na yanke sandar na miƙe, ko rigar ban canza ba na nufi kasuwar Dole, wuyana da jan zobe. Alhaji Bakano ya hango ni tun daga nesa, ya jawo ɗan gadon katakon ya kaɗe masa ƙura.

"Tattabarar ce, Malam?"

"Ita ce, Alhaji."

Inna ta sa yatsu uku tsakanin sandunan, na huɗu ya ƙi shiga. Ta danna katifa, ta girgiza ƙafafun ta ji ba sa motsi, ta ce a ɗaura sange. Aka kwantar da yaro rigingine, ya yi barcinsa. Aliya ta ɗora tukunya, rabona da shinkafa da waken tasha tun ranar.

Yaron ya saba da gadon tun a makon farko. Inna ma ta saba da ruwan famfo da fanka da hirar Madam Farida. Yanzu yaron har ya fara rarrafe, yakan zo zaure ya same ni a kan tabarmata. Da damina ta wuce, kaka ta yi, na aiki Yakuba ya tambaye ta a fakaice, ko gero bai nuna ba a Gaffati.

Ya dawo ya ce, "Ta ce in gaya maka ya nuna, an girbe, nata na hanya. Ka share mata wurin ajiyewa a zaure."